Man Shafewa a Addinin Kirista: Haɗinsa da Sauye-sauyen da Ya Sha

Laƙabin Almasihu, wanda Kirista da Musulmin ƙasar Hausa duk suka san shi ga Yesu ɗan Maryamu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi, ya fito ne daga wani tushe da Ibrananci da Larabci suka yi tarayya a kansa, mai ma'anar shafa, kuma da aka mayar da shi harshen Girka sai ya zama Kiristos, inda sunan Kirista kansa ya samo asali. A Isra'ila ta dā zuba wa mutum mai a ka shi ne naɗi, matsayinsa ɗaya da na rawani a sarautar Hausa, domin da shi aka keɓe Haruna da 'ya'yansa ga aikin firistanci, wato limancin haikali, da shi kuma annabi Sama'ila ya naɗa Saul sarki, daga baya ya naɗa Dawuda. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce mai bai taɓa fita daga ibadar mafi yawan Kirista ba, sai dai tambayar wane mai ne, me ake zubawa a ciki, hannun wa kuma ya isa ya tsarkake shi, ta samu amsoshi mabambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Haɗi ɗaya tak aka rubuta dalla-dalla a cikin Littafi Mai Tsarki, yana cikin sura ta 30 ta littafin Fitowa, inda aka umarci Musa ya samo mur shekel 500, da kirfa shekel 250, da wani kara mai ƙamshi shekel 250, da kashiya shekel 500, sannan man zaitun mudu ɗaya na awon da ake kira hin. Mur ƙaro ne mai ɗaci da ƙamshi da ke fita daga wata bishiya ta Somaliya da Habasha da Yaman, 'yar uwar dashin da ake yin shinge da shi a karkarar Hausa, kashiya kuwa ɓawon itace ne dangin kirfa. Karan nan mai ƙamshi shi ne masana suka kasa haɗuwa a kansa, wasu na ganin wata ciyawar fadama ce mai saiwa mai ƙamshi, wasu na ganin dangin ciyawar lemun tsami ce da fatake ke kawowa daga Indiya. Wanda duk ya zauna ya yi lissafi zai ga wata matsalar da ta fi wannan, domin shekel bai wuce giram 11 zuwa 12 ba, ke nan kayan ƙamshin sun kai kilo 17, alhali man bai fi lita huɗu zuwa shida ba, kuma idan aka juye wannan a kan wancan ko jiƙewa garin ba zai gama yi ba. Malaman Yahudu na dā sun lura da haka, har wasunsu suka bayyana cewa a ruwa ake fara jiƙa kayan, sannan a kwarara man a sama ya tsotse ƙamshin, a yaɗe shi. Matan Barno da na Kano masu haɗa humra ba za su ga baƙon abu a wannan dabara ba, tunda su ma sun san cewa ƙamshi ake kamawa, diddigar kuwa a bar ta a ƙasan tukunya.

Wannan sura ba ta tsaya ga ba da haɗin ba, ta kuma hana kowa ya kwaikwaye shi don amfanin kansa ko ya shafa wa wanda ba firist ba, ta yanke hukuncin fitar da mai yin haka daga cikin jama'a. Kiristocin farko ba su ɗauki haɗin a matsayin doka a kansu ba, Sabon Alkawari kuma bai kawo wani a madadinsa ba. Abin da ya zo a cikinsa shi ne labarin almajirai suna shafa wa marasa lafiya mai a Bisharar Markus, da umarnin da ke cikin wasiƙar Yaƙub cewa wanda ba shi da lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai, ba tare da an faɗi irin man ko abin da za a gauraya masa ba, domin a ƙasashen Bahar Rum idan aka ce mai, kowa ya san zaitun ake nufi, da shi ake girki, da shi ake kunna fitila, da shi ake wanke rauni. Wannan shirun shi ya buɗe ƙofar duk sauye-sauyen da suka biyo baya.

Wajen shekara ta 200 marubuci Tartuliyan na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya riga ya bayyana cewa ana shafa wa wanda ya fito daga ruwan baftisma mai da aka yi wa albarka, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 4 tarukan shugabannin coci a Kartaj da Toledo sun hana ƙananan firistoci tsarkake man baftisma mai ƙamshi, suka bar shi a hannun bishof kaɗai, wato shugaban majami'un yanki guda. Man marasa lafiya kuwa an fi sakin hannu da shi. A wata wasiƙa ta shekarar 416 Fafaroma Innosan na Ɗaya ya yarda cewa bayan bishof ya yi wa man albarka, kowane Kirista na iya amfani da shi ga kansa ko ga iyalinsa, kuma a ƙarni na 6 bishof Sizariyus na birnin Arles a Faransa yana ta kwaɓar mutanensa da su zo coci su karɓi mai maimakon zuwa wurin bokaye. Sai dai abin da jama'a suka yarda yana da ƙarfi ba ya rasa masu son karkatar da shi, shi ya sa babban taron Lateran na 1215 ya ba da umarni a riƙa kulle man da makulli a kowace majami'a, don kada a sace shi a yi tsafi da shi.

A cocin Katolika na yau mai iri uku ne. Akwai na masu shirin baftisma, akwai na marasa lafiya, sannan akwai kirisma, wanda shi kaɗai ake zuba wa turare, kuma shi ake shafawa bayan baftisma, da lokacin tabbatarwa, wato ibadar da ke cika baftisma, da wajen naɗin firist a tafin hannu da na bishof a ka, da kuma keɓe sabon bagadi da bangon sabuwar majami'a. Sau ɗaya a shekara ake yin su, a wata ibada ta safiyar Alhamis ɗin da ke gaban Ista, ko da yake a yankuna masu faɗi, inda firistoci ke tahowa daga nesa, akan matso da ita zuwa farkon makon. Ana shigo da manyan tuluna uku a jere, firistocin yankin gaba ɗaya suna tsaye kewaye da bishof, shi kuma ya tsiyaya turaren a cikin tulun kirisma, ya gauraya shiru ba magana, sannan ya sunkuya ya hura numfashinsa a bakin tulun, alamar saukar Ruhu Mai Tsarki, kafin ya karanta doguwar addu'ar tsarkakewa, firistoci na miƙe da hannun dama wajen tulun. Bayan an tashi kowane firist ya cika 'yan kwalabensa uku ya koma da su, ragowar na bara kuma a jiƙa auduga da shi a ƙone, ko a zuba shi a fitilar majami'a.

Turaren da ake zuba wa kirisma, wanda ake kira balsam, shi ne wurin da aka fara yin sassauci tun da daɗewa. Asalinsa ƙaron wata 'yar bishiya ce da ake nomawa a Jariko da Ain Gedi kusa da Tekun Gishiri, mai tsadar gaske, daga baya kuma lambun Matariyya da ke gefen Alƙahira ya zama wurin da ya shahara da ita, har bishiyoyinsa suka mutu a farkon ƙarni na 17. Tun kafin wannan, a ƙarni na 16, fafaromomi sun ba limaman da ke sabbin yankunan da Sifaniya ta mamaye a nahiyar Amurka izinin amfani da ƙaron wata bishiya ta can, wadda ba ta da dangantaka ko kaɗan da ta Jariko. Ana kiran wannan ƙaro balsam na Peru, duk da cewa a yankin El Salbado ake tatsarsa, sunan ya bi tashar jirgin ruwan da ake bi da shi zuwa Turai ne kawai.

Zaitun ɗin kansa ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba. Shekaru aru-aru dokar coci ba ta karɓar wani mai sai shi, ko da kuwa majami'ar tana ƙasar da babu bishiyar zaitun ko ɗaya, sai an yi dakonsa daga Turai. Sabon tsarin albarkar mai na 1970 ya buɗe ƙofa ga man wasu tsirrai, sannan a ranar 30 ga Nuwamba 1972 Fafaroma Bulus na Shida ya tabbatar da haka game da man marasa lafiya, bisa hujjar cewa zaitun na da wuyar samu a wasu sassan duniya, da sharaɗi guda, wato man ya zama na tsiro, kuma kundin dokokin coci na 1983 ya riƙe wannan ƙa'ida. A bisa harafin dokar ke nan man gyaɗa da man riɗi da man atili na tsaunukan Filato duk sun cancanta, man shanu da kitse da man da aka tace daga fetur kuwa ba su shiga ba. Wannan gyara ya zo tare da wani da ya fi shi girma, domin ibadar da aka daɗe ana ɗauka shafewar ƙarshe ce ga mai gargarar mutuwa, har iyalai na tsoron ganin firist a bakin ƙofa, an mayar da ita ta duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya kama, aka kuma rage wuraren shafawa daga idanu da kunnuwa da hanci da baki da hannuwa da ƙafafu zuwa goshi da hannuwa kawai.

Cocin Otodoks na Gabas sun bi wata hanya dabam, inda aka mayar da haɗin man wani babban aikin girki. Sunansa a wurinsu mairon, kuma a fadar Fatriyak na Kustantiniyya, wato babban uban cocin da ke zaune a unguwar Fanar ta birnin Istanbul, kayan haɗinsa 57 ne, ana kuma dafa shi kusan sau ɗaya a shekara goma, kamar yadda Fatriyak Bartalamawus ya yi a 1992 da 2002 da 2012 da 2022. Ranar Lahadin da ke buɗe makon Ista ake sa wa masu dahuwar albarka, yawancinsu masana haɗa magunguna ne ba limamai ba, a ɗaura musu fararen riguna. Ranar Litinin Fatriyak da kansa yake kunna wuta a ƙarƙashin manyan tukwane, makamashin farko kuwa tsofaffin allunan hotunan tsarkaka ne da suka lalace, waɗanda ba ya halatta a jefar da su a bola. Daga nan har Laraba tukwanen ba sa sauka, man zaitun da ruwan inabi da ƙaro iri-iri da saiwoyi da kirfa da kanumfari da citta suna ɓararraka a hankali, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa, limamai na karɓa-karɓa wajen karatun Linjila a gefe. Ruwan inabin yana da aikin da ya wuce alama, shi ke hana man ƙonewa, yana kuma jawo ƙamshin daga busassun kayan kafin ya ƙafe. Sai man ya huce an tace shi sannan ake zuba turaruka masu saurin tashi irin su man wardi, domin wuta za ta kore su, ranar Alhamis kuma a ɗauki tulunan a jere zuwa majami'a a tsarkake su. A Rasha ana yin irin wannan dahuwa a gidan sufaye na Donskoy da ke Mosko. Wane coci ke da ikon dafa nasa mairon, wane kuma zai riƙa karɓa daga wani, magana ce ta 'yancin kai da ta sha haddasa jayayya, domin wanda ke karɓar mai daga hannun wani ya amsa cewa akwai na gaba da shi.

Akwai wani abu da cocin Gabas suka fi riƙewa da muhimmanci fiye da jerin kayan haɗin, shi ne zuba ɗan tsohon mai a cikin sabo, kamar yadda mai kindirmo ke ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Armeniyawa, waɗanda tarihin cocinsu ke cewa ƙasarsu ta karɓi Kiristanci a shekara ta 301, suna yin nasu muron kusan duk bayan shekara bakwai a Ecmiyazin, da furanni da saiwoyi sama da 40, tukunyar kuma takan kwana 40 a majami'a ana addu'a a kanta. A ranar tsarkakewa shugaban cocin, wanda ake kira Katolikos, yana juye tsohon muron a cikin sabon, ya sa masa albarka da wani hannu na azurfa da ke ɗauke da ƙashin Giragori Mai Haskakawa, wanda ya kafa cocin, kuma a imaninsu wannan sarƙa ba ta taɓa tsinkewa ba tun daga zamaninsa. Da aka kori Armeniyawa daga garin Sis a 1915, tukunyar muron ta cocin garin tana cikin kayan da sufaye suka ɗauka suka yi gudun hijira da su zuwa Halab.

Kibɗawan Masar ma suna da wannan al'ada, har suna kiran tsohon man da sunan yisti, suna kuma riƙe da cewa asalinsa daga kayan ƙamshin da aka yi wa Yesu jana'iza da su ne. A wurinsu ana shafa wa jaririn da aka yi wa baftisma mairon a wurare 36 na jikinsa, tun daga ka har gaɓoɓin ƙafa. Su ne kuma suka yi gardama mafi zafi a wannan zamani kan yadda ake haɗin, domin a 2014 shugaban cocinsu, Fafaroma Tawadros na Biyu, da amincewar majalisar bishof-bishof, ya bar tsohuwar hanyar daka busassun kaya da dafa su kwana da kwanaki, ya yi amfani da tataccen man kowane tsiro da masana'antun turare suka fitar, aka gauraya su da zaitun a gidan sufaye na Anba Bishoy da ke kwarin Natrun. Masu goyon baya sun ce kayan ba su canza ba, an ma fi samun su da tsabta, tsarkin kuma daga addu'a da tsohon yisti yake zuwa. Masu suka sun ce dahuwar da karatun da ke rakiyarta gado ne, ba a sayo gado daga kanti. Hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi idan aka dubi tarihi, tunda littattafan Kibɗawan kansu sun nuna cewa adadin kayan da yawan dahuwar sun sha bambanta, amma ba a rasa abin ji a ƙorafin na biyu ba, domin kwanakin da ake yi a gindin tukunya su ne ke koya wa na baya yadda ake aikin.

Naɗin sarauta shi ne wurin da wanda ba ya shiga coci ya fi jin labarin wannan mai. Man da aka shafa wa Sarki Charles na Uku na Ingila a ranar 6 ga Mayu 2023 an tsarkake shi ne a Urushalima watanni biyu kafin nan, a Majami'ar Kabari Mai Tsarki, da hannun Fatriyak Tiyofilos na Uku tare da babban bishof na Angilika na birnin, an kuma matso shi daga zaitun na Dutsen Zaitun, ciki har da na gidan sufaye na Maryamu Magadaliya inda aka binne kakar sarkin ta wajen uba. An ƙamsasa shi da riɗi da wardi da yasmin da kirfa da furen lemo da wasu ƙaro, amma aka cire abubuwa biyu da ke cikin tsohon haɗin, wato jibda da ake tatsa daga jikin tunkun jibda da anbar da ke fitowa daga cikin babban kifin teku, saboda ƙyamar da mutanen yau ke yi wa wahalar da dabbobi. Ko man da aka naɗa mahaifiyarsa da shi a 1953 sabon haɗi ne, domin ragowar na dā ya salwanta lokacin da bama-baman Jamus suka faɗa wa Westminster a 1941.

Masu gyaran addini na ƙarni na 16, Luta da Kalbin, sun ƙi ɗaukar shafewar mai a matsayin farillar ibada, Kalbin ma yana ganin baiwar warkarwa ta zamanin manzanni ce, kuma littafin addu'ar cocin Ingila da ya ƙunshi shafa wa mara lafiya mai a bugun 1549 ya cire ta a na 1552. Wasu ƙananan ɗariƙu ba su bar ta ba, daga cikinsu akwai cocin 'Yan'uwa, wanda mishanonsa suka sauka Garkida a 1923, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo tushe, kuma tsarinsu mai sauƙi ne ƙwarai, ɗigon zaitun ne a goshi da ɗora hannu da addu'a, babu turare babu dahuwa.

Cocin Fentikos, masu ba da ƙarfi ga warkarwa da al'ajibai, su suka dawo da man cikin rayuwar yau da kullum a Afirka, kuma a Nijeriya 'yar kwalbar man zaitun ta Goya ta zama kusan suna na biyu ga man shafewa. Mutum zai sayo ta a kanti, ya ɗaga ta sama a taron addu'a fasto ya yi mata albarka tare da ta sauran jama'a, ya koma gida ya shafa wa goshin yaro mai zuwa jarrabawa, da dogaran ƙofa, da sitiyarin mota, da teburin shago, wani ma ya kurɓa. Shafawa a gida ba baƙuwa ba ce ga tarihin coci, wasiƙar 416 ta shaida haka, kuma Musulmin da ya saba ganin man zaitun a shagunan magungunan Musulunci ana yin ruƙiyya da shi ba zai ga abin da nisa ba. Abin da malaman tauhidin Kirista da dama ke suka shi ne ɗaukar man kamar laya mai aiki da kanta, da kuma sayar da kwalaben da aka ce na musamman ne da tsada, kuma illar wannan ta fito fili a garin Moshi na Tanzaniya a watan Fabrairun 2020, inda mutum 20 suka mutu a turmutsitsin masu rige-rigen taka man da aka zuba a ƙasa.

A nan al'amarin ya juye. Cocin da ke da kundin doka ya daure kan hannun da ke tsarkake man amma ya saki maganar zaitun, cocin da ba su da irin wannan kundi kuwa sun saki maganar hannun, suka daure kan zaitun da ake shigo da shi daga ƙetare, a ƙasar da ba ta rasa gyaɗa da riɗi da kaɗanya ba. Tsadarsa da yawan masu nemansa suka jawo 'yan jabu, waɗanda ke tattara tsofaffin kwalabe su ɗura musu man girki su liƙe, kuma idan abin da suka ɗura na gyaɗa ne ko na waken suya, to a ƙa'idar Roma ta 1972 ya isa a yi masa albarka a shafa wa mara lafiya, alhali a idon wanda ya biya kuɗin zaitun algus ne aka yi masa.